Alewa Mai Rawa: Aikin Hunturu Don Uwa Da Yara

Duk uwargidan da ta taɓa dafa ƙafar saniya da daddare cikin hunturu ta san abin da za ta tarar da safe. Ta buɗe tukunya, sai ta ga romon ya daskare, in an taɓa shi yana rawa, har cokali ya tsaya a ciki. Ba wadda take mamaki. Sai ta mayar bisa wuta, ya narke, a sha. Abin da da yawa cikinmu ba mu sani ba shi ne, abin nan da ya daskarar da romon, shi ne masana'antu suke fitarwa daga fata da ƙashi, su busar, su niƙa, su zuba cikin 'yan fakiti, su sayar mana da sunan jilatin. Da shi ne ake yin jeli, wanda yaranmu a Hunkuyi suka laƙaba wa suna alewa mai rawa.

Jeli iri biyu ne. Akwai mai taushi da ake sha da cokali. Akwai kuma mai tauri, wanda yaro zai yanka da kansa, ya fitar da tauraro ko kifi, ya ɗauka da hannu bai fashe ba. A kan wannan na biyu za mu yi magana, gama a ganinmu shi ne ya cancanci wahalar. Rabin daɗinsa yankan ne. Yaron da aka miƙa wa alewar kanti yakan cinye ya nemi wata. Amma wanda aka ba tire aka ce ya yanka wa ƙannensa, zai yi awa guda a zaune yana ta lissafin yadda zai fitar da kifi shida daga gefe ɗaya.

Ba mu iya shi tun farko ba. Bari mu ba ku labarin yadda muka kunyata.

Shekarar da muka fara gwadawa, mun yi wa yara alkawari za su yanka alewarsu ranar jajiberin Kirsimeti. Muka dafa zoɓo, muka tace. Don ya ƙara ƙamshi muka markaɗa ɗanyar abarba muka zuba bayan ya huce, kamar yadda muka saba in za a sha. Muka dama jilatin, muka zuba cikin tire biyu, muka sa a firijin wata 'yar'uwa. Da safe yara goma sha ɗaya suka jeru, kowa da murfin kwalba a hannu. Aka fito da tire, ashe ruwa ne tsululu kamar yadda aka zuba shi. Muka ce ai an ɗauke wuta da dare. 'Yar'uwar ta ce ba a ɗauke ba, ga ƙanƙararta nan a daskare. Muka ce to jilatin ɗin ne jabu. Ƙaramar cikinsu ta dube mu ta ce, "Mama, ba ta rawa?" Ranar nan dai da kofi aka sha alewar.

Laifin ba na wuta ba ne, ba kuwa na mai kanti ba. Abarbar ce.

Ga dalili. Jilatin kamar dogayen zaruruwa yake, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Cikin ruwan zafi kowane zare yana yawo shi kaɗai. Sa'ad da ruwan ya yi sanyi sai su sarƙe da juna, su zama kamar taru, su riƙe ruwan a tsakaninsu. To, cikin ɗanyar abarba akwai wani sinadari mai aiki kamar almakashi, yana bin zaruruwan nan yana yanka su guntu-guntu, har ba sauran abin da zai sarƙe. Shi ne ma yake sa harshe ya yi kaikayi in mutum ya ci abarba da yawa. Gwanda ma tana da irinsa, shi ya sa masu girki a ƙasashe da dama suke naɗe nama mai tauri da ganyenta don ya yi laushi. Ɓaure yana da shi. Ɗanyar citta ma haka, wannan kuwa ita ta fi kama mu, domin wa zai yi zoɓo ba citta?

Maganin abin mai sauƙi ne: tafasa. Zafi yana kashe sinadarin. In za a sa abarba, ko ɓawonta, ko citta, a jefa su cikin tukunya tare da zoɓon tun farko, su tafasa sosai kamar minti goma. Kada a ƙara ko ɗigo na ɗanye daga baya. Abarbar gwangwani ba ta da wannan matsala, gama an riga an dafa ta.

Yadda ake yi

Za mu ba da awo na lita ɗaya, watau ledar ruwan sha biyu, irin mai rabin lita. Wannan zai cika matsakaicin tire, ya ishi yara takwas ko goma.

A dafa zoɓo da kanumfari da citta, a tace da tsumma mai tsabta har sau biyu, don alewar ta fito garau, haske yana ratsa ta. A sa sukari a ɗanɗana. Ya ɗan fi na sha zaƙi kaɗan, domin abu mai sanyi ba a jin zaƙinsa sosai. Mu da muke ƙasar rake, daga Makarfi har Kudan, ba mu rasa mazarƙwaila ba, ta kuwa dace da zoɓo. Sai dai a narka ta cikin ruwan zafi a tace tukuna, gama takan zo da ɗan tsaki, kuma launin zai yi duhu, ja mai sirkin baƙi. Yara sun fi son ja mai haske. Manya sun fi son ɗanɗanon mazarƙwaila. Kowace uwa ta san wa take so ta faranta wa rai.

Daga cikin litar nan a ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu, a bar shi ya huce sarai. A barbaɗa jilatin cokali uku a kansa, babban cokalin cin abinci, a shafe bakinsa kada ya yi tozo. Wannan wajen giram 28 zuwa 30 ke nan, watau ninki biyu na abin da ake sa wa jeli mai taushi. Asirin taurin ke nan, ba wani abu ba. Barbaɗawa za a yi a hankali, kada a juye shi wuri ɗaya, in ba haka ba zai dunƙule kamar gudajin tuwo, na cikin ya ƙi jiƙa. A bar shi minti biyar ya sha ruwa ya kumbura.

Sauran kashi ukun a ɗora a wuta ya yi zafi sosai, a sauke, sa'an nan a juye jiƙaƙƙen jilatin a ciki. A yi ta juyawa har a ɗaga cokali a ga ba sauran ƙwaya ko ɗaya a bayansa. Kada a mayar da tukunya wuta ta tafasa. Jilatin ba ya son doguwar tafasa, balle cikin abu mai tsami irin zoɓo ko tsamiya. Ƙarfinsa raguwa yake yi. In da tsamiya za a yi, a ƙara rabin cokali.

A zuba cikin tire mai shafaffen gindi, kaurinsa ya kai kamar na ɗan yatsa. In ya fi haka yaro ba zai iya yankawa ba, in bai kai ba zai yage. A kwashe kumfa da cokali, a rufe saboda ƙuda da ƙurar hunturu, a ajiye inda ba karkata.

Wadda ta samu irin jelin fakiti da aka riga aka sa wa sukari da launi, ta sa wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwan da aka rubuta a jiki, zai yi tauri. Amma zaƙinsa zai yi yawa ainun, kuma launin nan na kanti ne. Mu dai ba mu ga abin da ya fi zoɓo da shi ba, sai tsada.

Cikin 'yan shekarun nan gonakin inabi sun yawaita a ƙasar Kudan, har yaran Hunkuyi sun san shi a gona, ba a hoto ba. Inabi ba ya hana jilatin daskarewa, kankana da lemo da ayaba ma haka. A tsaga kowace ƙwaya gida huɗu a tsaye, a cire 'ya'yan, a jira sai jelin ya fara kauri kamar farin ƙwai kafin a zuba, don kada duka su taru wuri ɗaya. Mai son launi biyu ta yi na madara dabam, ta zuba a kan na zoɓo bayan ya kama, madarar kuwa ta huce. In aka haɗa su cikin tukunya ɗaya, tsamin zoɓo zai tsinka madarar.

Maganar zafi

A nan ne littattafan girki na Turai ba su da abin da za su gaya mana, domin an rubuta su don gidajen da firiji ba ya mutuwa.

Jilatin yana narkewa tun kafin zafi ya kai na jikin mutum, wajen digiri 30 zuwa 35. Shi ya sa yake narkewa a baki, abin da ya sa yake da daɗi ke nan. Amma cikin Maris da Afrilu inuwar ɗaki ma a ƙasar Zazzau takan kai wannan zafi. Wadda ta yi wannan alewa da bazara ba firiji, ta yi asarar kuɗinta. Lokacinta Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin dare yakan sauka zuwa wajen digiri 14, daidai kuma da hutun makaranta.

Cikin firiji awa uku ko huɗu sun isa. Kada a sa a wurin ƙanƙara don gaggawa. In ya ƙanƙare, da ya saki sai ya yi ta zub da ruwa. Inda babu firiji, a sayi ƙanƙara a sa cikin kula, a ɗora tiren a kai. Mu da kanmu cikin tsakiyar hunturu mun sha zubawa da magariba, mu rufe, mu ajiye kusa da randa, da asuba mu tarar ya kama. In haka za a yi, a sa cokali huɗu maimakon uku, a kuma yanka da sassafe kafin rana ta ɗaga. Tukunyar nan mai biyu, ƙarama cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana taimako cikin busasshiyar iska. Ba ta kai firiji ba, amma takan riƙe abin da ya riga ya daskare.

Akwai kuma wani gari dabam da ba ya tsoron zafinmu. Sunansa agar, daga ciyawar teku ake fitar da shi, mutanen Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna girki da shi. Yana daskarewa a ɗaki cikin awa guda ba firiji, ba ya kuwa narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85. Labarinsa ma na uwargida ne. A 1881 wani likita a Jamus, Walther Hesse, yana renon ƙwayoyin cuta bisa jilatin don ya bincike su, zafin rani yana narkar masa da aiki. Matarsa Fanny ta gaya masa abin da take sa wa nata jeli ba ya narkewa, wanda ta koya daga maƙwabtan da suka taɓa zama a tsibirin Jawa. Tun daga lokacin har yau agar ne ake amfani da shi a ɗakunan bincike na asibitoci da jami'o'i ko'ina a duniya. Na girki za a nema a kantin kayan kek, ba na ɗakin bincike ba.

Aikinsa ya saɓa da na jilatin: shi tilas ya tafasa. Ƙaramin cokalin shayi huɗu zuwa biyar ya ishi lita guda. A dama cikin rabin lita na ruwan sanyi, a tafasa minti uku ana juyawa, a sauke, a zuba rabin lita na zoɓo mai kauri da ɗumi, a juye a tire nan da nan, gama ba ya jira. Ɗanyar abarba ba ta yanka shi. Aibinsa, ba ya rawa. Karyewa yake yi kamar dafaffen farin ƙwai, kuma ba ya narkewa a baki.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramar magana ba ce. Abu mai tauri da santsi yana iya zarcewa ya toshe maƙogwaron ƙaramin yaro. A 2002 Tarayyar Turai ta hana sayar da wata alewar jeli mai tauri da ake yi da garin konjak bayan yara sun mutu da shaƙewa a wasu ƙasashe, a 2004 kuma ta faɗaɗa hanin ya haɗa da irin 'yan kofunan nan da ake tsotsa in an yi su da agar. Saboda haka yaron da bai kai shekara huɗu ba, a murƙushe masa nasa da cokali, ko na jilatin ne ko na agar. Manyan ma su ci a zaune, ba da gudu ba, ba a kwance ba, babba kuma yana wurin.

Ranar yanka

A fara da wanke hannu da sabulu, kowa da kowa, a duba farce. Mu tuna abin da likitan nan na Jamus yake yi da jeli: gonar ƙwayoyin cuta ce mai kyau. Abin da hannu ya taɓa a cinye shi ranar. Wanda ba a taɓa ba yakan yi kwana uku a rufe cikin firiji.

A tsoma gindin tire cikin ruwan ɗumi, a ƙirga zuwa goma sha biyar, a fitar, don alewar ta saki ƙasa. Bakin kofi yana ba da babban da'ira. In aka sake dannawa a gefen da'irar, sai ga jinjirin wata. Murfin kwalbar roba yana ba da 'yan ƙanana kamar kwabo. Wuƙar teburi marar kaifi ta ishi yin murabba'i da dala da harufa. Yaran aji ɗaya sukan nace sai sun yanka harafin farko na sunansu, masu L da I su gama da wuri, mai S ya sha wahala. Masu ƙera mazurari da rariya a kasuwa suna iya lanƙwasa tauraro da kifi da zuciya, in an zana musu a takarda. A ce su naɗe bakin da hannu zai danna. Gwangwanin tumatir da aka buɗe da wuƙa kuwa, kada a ba yaro. A jiƙa abin yankan da ruwa kowane lokaci don kada ya manne.

Gutsattsarin da ya rage tsakanin siffofi ba na zubarwa ba ne. A tara cikin kofi a ba wanda ya wanke tire.

Kada a ruɗe mu da cewa wai abincin gina jiki ne. Gaskiya ne jilatin daga jikin dabba yake, amma bai cika ba. Ba ya maye gurbin ƙwai, ko wake, ko nama. Alewa ce, da sukarinta. A ba da ita bayan abinci, a kuma goge haƙori.

Da me aka yi shi?

Akwai tambaya guda da ba mu shirya mata ba. Shekara ta biyu alewa ta kama, yara suka yanka taurari jajaye, muka jera a faranti tare da cincin muka aika wa maƙwabta, kamar yadda su ma suke aiko mana da nama da Babbar Salla. Jim kaɗan maƙwabciyarmu ta yi sallama, da farantin a hannunta ba a taɓa ba.

"Maman yara, mun gode, Allah ya maimaita mana. Sai dai ina tambaya, kada ki ji haushi. Wannan mai rawar, da me aka yi shi?"

"Zoɓo ne, Hajiya, da sukari, da wani gari."

"Garin fa, na mene ne?"

Muka shiga ɗaki muka ɗauko ledar. Ba a rubuta kome a jiki ba, awo aka yi mana daga babban buhu. Muka rasa amsa. Ta kuwa yi daidai da ta tambaya, domin babban kaso na jilatin da ake yi a duniya daga fatar alade yake, sauran daga fata da ƙashin shanu, kaɗan daga kifi. Da ido ba a rarrabewa, da harshe ma haka. Da ta ba jikokinta ba tambaya, daga baya ta ji, da wane ido za mu dube ta? Wane faranti namu kuma za ta sake karɓa da kwanciyar rai? A gari irin Hunkuyi, inda yaranmu da nasu suke wasa a ƙofar gida ɗaya, abin da ya shiga bakin ɗanmu zai shiga bakin ɗan maƙwabci.

Tun daga ranar ba mu ƙara sayen na awo ba. Muna neman mai fakiti da lambar NAFDAC, mu karanta. In an rubuta bovine, na shanu ne. In porcine, na alade ne. In ba a faɗi kome ba, mu bar shi. Na shanun ma, maƙwabci mai kula zai so ya san ko yankakke ne, don haka muna duba alamar halal, mu kuma ajiye fakitin don mai son gani. Agar kuwa ba ruwansa da dabba sam, wannan ma wani dalili ne na sonsa.

Wata za ta ce, to me zai hana mu koma tukunyar ƙafar saniya, tun da mun san mahaucin da ya yanka? Ana yi. Haka matan Ingila suke yin jelinsu da ƙafar maraƙi kafin garin fakiti ya bazu. A Amurka wani kafinta mai suna Pearle Wait ya haɗa shi da sukari da ɗanɗano a 1897, matarsa ta sa masa suna Jell-O. Ana wanke ƙafa biyu tas, a dafa ba gishiri ba yaji awa biyar ko shida, a tace, a bari ya kwana ya daskare, a kankare kitsen sama sarai. Sa'an nan a narka, a kaɗa farin ƙwai biyu a ciki, a bari ya tafaso a hankali har farin ƙwan ya tattara dattin ya taso, a tace da tsumma, a sa lemon tsami da sukari. Mun gwada sau ɗaya. Ya daskare kam, amma ya cinye itacen kwana biyu, kuma duk da lemon tsami da kanumfari, yara suka ce alewar tana ƙamshin farfesu.

A shekara ta uku mun aika wa Hajiya da faranti, fakitin agar a gefe. Da yamma jikarta ta dawo da farantin cike da dubulan, ta durƙusa ta ce, "Mama, Hajiya ta ce a gaishe ki, wai cokali nawa ake sa wa lita ɗaya?"